Malam Ilya da Munduwar Tagulla

Ƙarfe bakwai saura kwata na safe, ko ana ruwa ko ana zuba ƙanƙara, za ka ga wani dogon dattijo ya sauko daga taram, jirgin nan na cikin gari, a Vénissieux, can kudancin Lyon, jakar abinci a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma cikin aljihun kwat. Malam Ilya ke nan, mutumin Damagaram. Shekara talatin da ɗaya yana riga kowa zuwa ma'aikatarmu. Shi ke kunna tanderu, shi ke ɗora ruwan shayi, sannan ya goge teburinsa fes kamar mai jiran baƙi. In ya gama sai ya zaro abin da ke cikin aljihun nan, wata tsohuwar munduwar tagulla, ya ajiye ta a bakin taga. Daga nan aiki ya fara.

Ranar Juma'a mai zuwa zai ajiye aiki. Ya roƙe mu kada a yi taro, kada a yi jawabi, a bar shi ya ɗauki jakarsa ya tafi kamar kullum. To Malam, sai dai ka yi haƙuri, wannan karon ba zan ji maganarka ba. Ni Zuwaira 'yar Maraɗi, wadda ka zaunar a gefen teburinka shekara biyu da suka wuce, na ɗauki alƙalami, kuma sai jama'a sun ji ko kai wane ne.

Na san wani zai ce, yau kuma mai aikin bindiga ake yi wa jinjina? To a tsaya a ji. Ma'aikatarmu ƙarama ce, mai lasisin gyaran bindigogi, mu tara ne duka-duka har da mai ita, Madam Leïla. Abokan cinikinmu su ne 'yan wasan harbin allo, da masu tara kayan tarihi, da masu shirya fim. Sashen Malam Ilya shi ne na fenti, amma ba irin na bango ba. Seramik ne, ana fesa shi siriri a jikin ƙarfe, a gasa a tanderu, ya kama ya hana tsatsa. Fesawar ba wuya, wata ɗaya ya isa mutum ya iya. Wuyar tana wajen zaɓen launi, kuma a nan ne duk mai wannan sana'a daga Lyon har Paris ya san a Vénissieux akwai wani Bahaushe da ba a ja da idonsa.

Karatun kimiyyar sinadarai ya kawo shi Faransa yana saurayi. Ya shiga ma'aikatar nan aikin hutu na wata biyu, sai ga shi wata biyun sun zama shekara talatin da ɗoriya. In ka tambaye shi yadda aka yi, sai ya ce shi ma yana nan yana bincike.

Comfort, 'yar Jos da ke riƙe mana takardu, ta ba ni labarin wani abu da ta gani da idonta tun kafin in zo. Wani mutum ya shigo da bindiga a naɗe cikin tawul, ba takarda, kuma an goge lambar da ke jikinta. Yana so a rufe wurin da fenti baƙi. Malam Ilya ya duba sau ɗaya, ya mayar da tawul ɗin ya rufe, ya ce masa nan ba a ɓoye abin da ya kamata a gani. Mutumin ya yi lallashi, ya koma barazana, Malam ko gezau. Comfort ta ce: “Wallahi ni na laɓe a bayan kanta don tsoro, shi kuwa Baba yana kurɓar tii ɗinsa.” Kafin mutumin ya kai bakin titi, Madam Leïla ta sanar da hukuma.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan ni ya faru da ni, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in tashi in yi guɗa.

Na shigo ma'aikatar da digirina na injiniya da kuma kaina mai girma. An ɗauke ni gwaji na wata huɗu. In gwajin ya yi kyau za a ba ni kwantiragi na dindindin, kuma da shi kaɗai zan iya sabunta takardar zamana. In bai yi ba, sai in tattara in koma gida, shekara shida na karatu a jaka. Ana saura mako guda gwajin ya ƙare, aiki ya zo daga Paris. Wata mata mai suna Nadia, wadda ke ba masu fim hayar makaman wasa a Aubervilliers, gefen Paris, ta aiko da ƙarafan mariƙi goma sha shida na libarba. Libarba ita ce ƙaramar bindigar nan mai gangar harsashi da ke juyawa. Ƙarfen mariƙi kuwa shi ne wanda ya zagaye wurin riƙo, ake manna masa katako gefe da gefe. A irin na da, da tagulla ake yin sa. Na Nadia baƙin ƙarfe ne, fim ɗin kuwa labarin shekara ɗari da hamsin baya ne, don haka tana so su fito tagulla sak, irin wadda hannu ya daɗe yana riƙewa.

Malam Ilya yana da wata ƙa'ida da kowa ya sani, yana kiranta kallo uku. Ba ya yarda da launi sai ya fesa shi a guntun ƙarfe na gwaji ya gasa, ya dube shi a ƙarƙashin fitila, ya fita da shi bakin ƙofa ya dube shi da hasken rana, sannan ya ɗora shi a tafin hannu kusa da munduwar nan. In launin tagulla ake nema, munduwar ce alƙali. Ta mahaifiyarsa ce, Allah ya ji ƙanta. Bayanta ya yi duhu, cikinta kuwa, inda ya shekara yana gogar fata, ya yi wani laushin haske da ban san sunansa ba a Hausa ko a Faransanci. Ni a lokacin kallo ukun nan ɓata lokaci na ɗauke shi, tunda ina da na'urar auna launi da ke ba ni lamba cikin daƙiƙa biyu.

Ranar Litinin da yamma ya ce mini: “Ɗiyata, gobe ina da randebu wajen likita. Ki wanke ƙarahunan ki aje. Kar ki hesa komi sai na komo mun yi kallo ukku.”

Na ce to. Da gari ya waye kuma sai shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Na ce bari in nuna musu abin da aka koyo a jami'a. Na auna wani sabon guntun tagulla da aka goge yana walƙiya, na'ura ta ba ni lamba, na ɗauko kwalbar da ta fi kusa da lambar. Kuma in faɗi gaskiya, ba na'ura kaɗai ta yaudare ni ba. Idona ya tashi ne a gidajen biki na Maraɗi, inda abu mai kyau shi ne abu mai ƙyalli. Da na ga rawayar nan tana ɗaukar ido, raina ya yi fari. Na fesa duka goma sha shidan, na gasa, na aika wa Nadia guda ɗaya da ɗan saƙo na gaggawa, ina ta murmushi ni kaɗai.

Laraba da safe Nadia ta kira Madam Leïla. Ina tsaye ina jin muryarta ta cikin waya. Ta ce sun gwada shi a gaban kyamara, ya fito kamar 'yan kunnen da ake shimfiɗawa a bakin tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Ta ce ranar Litinin za a fara ɗaukar fim, in ba za mu iya ba a faɗa mata yanzu ta nemi wasu. Madam Leïla ba mai hayaniya ba ce. Ta ajiye waya ta dube ni ta ce, in aikin nan ya kuɓuce, ba ta da dalilin riƙe mutum biyu a sashen fenti. Na gane da wa take.

Ina zaune a gaban ƙarafan nan goma sha biyar da suka rage, hawaye na zuba, Malam Ilya ya zo ya tsaya a kaina. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya sake juyawa, sai ya fashe da dariya.

“Kai, mutanen Maraɗi! Wannan ai sai a kai ɗakin amarya a jera bisa kabad. Mi ya kai ki?”

Na ce: “Baba, na gama yawo. Gida za ni.”

“Gida lahiya? Share hawayenki. Ƙarhe ba ya riƙon mutum, a kankare a sake. Tashi ki kunna injin yashi.”

Yinin ranar muka yi muna kankare kuskurena. Bai ƙara ce mini komai a kai ba, ko sau ɗaya. Ina kankara, shi yana gefe yana haɗa launuka, ɗigo-ɗigo. Ya nuna mini abin da na'ura ba ta taɓa gaya mini ba: zinariya rawayarta tana karkata wajen ja, tagulla kuwa akwai ɗan kore a kwance ƙarƙashin tata. Ya haɗa bakwai, ya fesa a guntayen gwaji bakwai, ya rubuta lamba a bayan kowanne, ya gasa. Sannan ya shiga ofishin Madam Leïla ya ce gobe za mu Paris, ni da shi, domin aikin fim yana da kallo na huɗu, wato fitilarsu.

Alhamis da sassafe muka shiga jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu ta Lyon. Awa biyu muna zaune, yana ba ni labarin yadda ya taɓa yi wa wani Bature fenti kore sau biyar, Baturen na cewa bai yi ba, ashe mutumin ba ya bambance kore da ja. Da muka sauka Paris, a tashar Gare de Lyon, muka bi metro har Aubervilliers, muka ratsa manyan shagunan sari da kwalaye jibge a ƙofa, muka isa sito ɗin Nadia. Ta riga ta kira mai hasken fim ɗin. An kunna fitilu, an kafa kyamara, an jona ta da allo.

Malam Ilya ya shimfiɗa baƙin ƙyalle. Ya cakuɗa guntayen nan bakwai yadda ba mai ganin lambobin, ya jera su, ya ajiye munduwa a tsakiya. Ya yagi takarda ya rubuta lambar da shi ya zaɓa tun kafin mu taso, ya ninke ya miƙa wa Nadia. Sai ya ce mata da Faransanci, ba shi zai zaɓa ba, injiniyar ma'aikatarmu ce za ta zaɓa.

Nadia ta ɗaga gira. Ta san ni ce mai 'yan kunne.

Na ce a hankali: “Baba, don Allah ka ruhwa mini asiri ka zaɓa.”

Ya ce: “Asirin naki nike ruhewa. Bon, aje tsoro. Kar ki dubi wanda ya hi kyau. Dubi cikin munduwa, inda hannun Inna ya goga, ki nemo ɗan'uwanshi.”

Na sunkuya. Idona ya fara zuwa kan mai ƙyalli, na ja shi na dawo da shi. Na dubi cikin munduwar har na daina jin ƙarar fankar fitilu. Can gefen hagu akwai wani guntu marar kwarjini, wanda da a kasuwa ne ko taya shi ba zan yi ba. Amma da na matso da shi, sai na kasa gane inda munduwa ta ƙare da inda shi ya fara. Na ɗaga shi na juya. Lamba shida.

Nadia ta buɗe takardar Malam. Lamba uku.

Na ce shi ke nan, na sake yin ta, kuma a gaban mutane. Mai haske ya ɗauki shida da uku ya sa a gaban kyamara, munduwa a tsakaninsu. Muka juya ga allo gaba ɗaya. Lamba uku ta fito rawaya sosai kamar man shanu. Lamba shida kuwa ita da munduwar uwa ɗaya uba ɗaya. Nadia ta buga tebur ta ce wannan take so, wannan da babu wani.

Jama'a, ban taɓa ganin dattijo ya yi murna da an kayar da shi irin ta ranar ba. Malam Ilya ya cire hula ya ɗaga sama.

“Ta kada ni! Wallahi tallahi ta kada ni! Voilà! Kun gani ko? Ɗiyar Maraɗi ta kada Badamagare!”

Nadia da mai haske ba su ji ko kalma ɗaya ba, amma dariya suke har da riƙe ciki. Ni kuwa ina tsaye da guntun ƙarfe a hannu, ban san ko kuka zan yi ko dariya ba, sai na haɗa duka biyun.

Abin da ya biyo baya shi ne ainihin dalilin wannan rubutu. Nan take ya kira Madam Leïla, ya buɗe muryar waya kowa na ji. Ya ce an karɓi launi, kuma ba nasa aka karɓa ba. Sannan ya faɗi abin da babu wanda ya sani a ma'aikata. Likitan da ya je gani ranar Talata likitan ido ne. Yanar ido ce ta fara sauko masa a idanu biyun, launuka sun fara dushe masa, shi ya sa hannunsa ya tafi ga wanda ya fi haske. Ya ce: “Madam, in kina son sashen nan ya rayu, idon yarinyar nan za ki riƙe. Nawa ya yi aikinsa.”

Ku duba fa. Mutumin nan ba shi da gida a Faransa, ba shi da muƙami, sunansa bai taɓa fitowa a ƙarshen wani fim ba. Abin da ya tara a shekara talatin shi ne a ce idon Ilya ba ya kuskure. Da ya so, da ya yi shiru ya zaɓa a asirce, ko ya ce kuskuren rubutu ya yi, ai shida yake nufi. Ba mai ƙaryata shi. Amma ya ɗauki wannan abu ɗaya tilo ya ajiye a gaban baƙi, don wata yarinya mai taurin kai da ta ƙi jin maganarsa kwana biyu kafin nan ta samu wurin tsayawa. Na daɗe ina tunanin ko ni zan iya haka.

Kafin mu kama jirgin komawa ya ja ni unguwar Goutte d'Or cin abinci, wajen wata 'yar Tawa da ya sani. Duk wanda ya shigo, ko ya san shi ko bai san shi ba, sai ya tare shi da labari. “Ka ga wannan? Yau ta kada ni gaban Nasara.” Kunya kamar in shige ƙarƙashin tebur. Juma'a muka fesa, Asabar da hantsi aka ɗauki kaya zuwa Paris, Litinin Madam Leïla ta kira ni ofis ta miƙo mini biro in sa hannu a kwantiragin dindindin.

Malam Ilya, kai ne ka koya mini cewa na'ura tana auna abin da aka nuna mata ne kawai, mutum ke sanin abin da ya kamata a nuna. Kai ne ka ga na ɓata ƙarafa goma sha shida, ka amsa da dariya da injin yashi. Kai ne mai shayin da ya fi na kowa ɗaci, kuma ba wanda ya isa ya ce a'a. Dogo na bakin taga, mai kallo uku! Shekara biyun nan kana haɗawa ina dubawa, kuma ko bayan an yi maka aikin ido ka warke, ba ka taɓa cewa in mayar maka da kujerarka ba. Duk baƙon da ya shigo yana neman Ilya, sai ka nuna ni da haɓa ka ci gaba da gauraya fentinka.

Kada mai karatu ya ɗauka waliyyi nake zanawa. Watan jiya na yi ƙarfin hali na roƙe shi ya bar mini munduwar in zai tafi. Na zaci zai ji daɗi. Ya dube ni sama da ƙasa.

“Munduwar Inna? A'a, ɗiyata, wannan da ni za ta tahi. Ke ba ki da tsohuwa a gida? Nemi taki.”

Na ji haushi ranar, ban ɓoye ba. Amma na kira kakata a Maraɗi. Ta yi ta mamakin abin da injiniya za ta yi da tsohon tarkace, sannan ta ba wata mai zuwa Lyon saƙo. Makon jiya ya iso: 'yar ƙaramar tasar tagulla da take zuba goro tun kafin a haifi mahaifiyata, bakinta ya sha yatsu har ya yi santsi. Na kai wa Malam. Ya dube ta a ƙarƙashin fitila. Ya fita da ita bakin ƙofa. Ya dawo ya ɗora ta a tafin hannu kusa da munduwarsa. Sannan ya ce: “Ta yi. Wannan ba ta yi miki ƙarya.”

Na gode, Baba. Allah ya saka maka da alheri, ya ƙara wa idanunka haske, ya ji ƙan Inna da ta bar maka abin da ka raya mu da shi. Ku kuma manyanmu da ke ofisoshi da asibitoci da ma'aikatu, a nan Faransa, daga Bobigny har Villeurbanne, in ƙaramin da ke ƙarƙashinku ya ga abin da ba ku gani ba, ku faɗa da ƙarfi a gaban wanda ya kamata ya ji. Wani zamansa a ƙasar nan ya rataya ne a kan wannan kalma ɗaya taku. Mu ƙanana kuma, in an ce mu jira a yi kallo uku, mu jira.

Ranar Litinin, ƙarfe bakwai saura kwata, ni zan sauko daga taram in kunna tanderu. Shayina ba zai kai naka ɗaci ba, Malam. Amma zan goge teburin nan fes, in ajiye tasar kakata a bakin taga, daidai inda munduwarka ta bar zagayen shaida a jikin katako.